Tuddan Johannesburg da Ruwan eMalahleni

Jiran biza ya fi tafiyar kanta tsawo, kuma cikin mu uku da aka zaɓa a wurin aiki, biyu ne muka samu tafiya: ni da shugaban sashenmu, dattijon da ya kusa ritaya, wanda kowa Malam yake ce masa. An tura mu ne mu ga yadda Afirka ta Kudu take yi da abin da ke raguwa bayan an cire ma'adini daga dutse, domin in ana maganar sharar zinariya, da wuya a sami garin da ya kai Johannesburg tara ta.

Da dare muka tashi daga Legas, awa shida a sama, muka sauka filin jirgin O.R. Tambo da asuba. Kafin a kalli fasfo sai da aka nemi katin rigakafin shawara. Muna fitowa waje sanyi ya tarye mu. Watan Agusta ne, ƙarshen hunturunsu, garin kuma yana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 1,700 daga teku, don haka rigar sanyin da na taho da ita ba ta hana komai ba. Wani ɗalibi Bahaushe da ke karatun injiniya a can, wanda aka haɗa mu da shi ta waya, shi ya zo tarbarmu tare da direban da ya yi mana cinikinsa, wani magidanci ɗan ƙabilar Zulu, mai ƙarancin magana.

Gari na wayewa muna kan babbar hanya, sai na fara ganin wasu tuddai ta hannun hagu, launinsu tsakanin fari da rawaya, samansu a baje, gefensu hawa-hawa, wasu da ciyawa, wasu tsirara. Na san labarinsu a takarda, amma gani ya kori ji. Babu ɗaya cikinsu da aka halitta a wurin. Dutse ne aka haƙo daga can ƙarƙashin ƙasa, aka niƙe shi ya zama gari, aka cire 'yan giram na zinariyar da ke cikin kowane tan, aka zubar da dusar. Tun daga 1886, shekarar da aka gano zinariya a gonar Langlaagte, yankin Witwatersrand ya fitar da zinariya sama da tan 40,000, a 1970 kaɗai ƙasar ta haƙo tan 1,000. Duk dutsen da aka niƙa kafin a sami wannan, ga shi nan a jibge daga gabashin gari zuwa yammacinsa.

A unguwar Mayfair muka sauka, inda Somaliyawa da Indiyawa Musulmi suka fi yawa. Ɗaki rand 600 a kwana, da 'yar na'urar ɗumama ɗaki, masallaci kuma taku kaɗan ne. Abinci bai ba mu wahala ba: shinkafa da naman akuya a wurin Somaliyawa, ko a gangara Fordsburg a ci biriyani. Sharaɗi ɗaya ɗalibin ya kafa mana, kada mu fita da ƙafa bayan isha'i, kada kuma mu riƙe waya a hannu a bakin titi.

Washegari muka fara da inda abin ya faro. Langlaagte ba nisa daga masaukinmu, a kan titin Main Reef, akwai wurin tarihi mai sunan George Harrison, mutumin da ake jingina wa gano zinariyar. Direba ya rage gudu amma ya ƙi tsayawa. Ya ce tsofaffin ramukan wurin yanzu hanyar zama-zama ce, wato masu haƙa ba da izini ba, kuma ba sa son baƙin ido. Muka wuce Riverlea, unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta gina wa masu ruwa biyu a farkon shekarun 1960, daf da tuddan dusa. Haka tsarin ya kasance: unguwannin Turawa can arewa, baƙar fata da masu ruwa biyu kuma a gindin tuddan ko a inda iska ke kai ƙurarsu.

Ɗalibin ya san wata dattijuwa a unguwar, kakar abokin karatunsa. Ya gaishe ta da Anti, ita kuma "ɗana" take ce wa kowannenmu, har Malam da furfurarsa. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta kai mu bakin tagar ɗakin girkinta, ta ɗaga wani jiƙaƙƙen tsumma da ta cusa a ƙasan tagar, ta shafa yatsa a kan dakalin, ta nuna mana. Farar ƙura ce mai laushi ƙwarai, ba ta da tsakuwa ko kaɗan. Ta ce da safe ta goge wurin. A kan firji akwai abin shaƙar masu asma guda biyu, nata da na jikanta. "Agusta da Satumba ne watannin iska," in ji ta. "In ta taso ba a shanya, ba a barin abinci a buɗe, yara kuma sai a kulle su a ɗaki." Muna tsaye iskar ta ɗan motsa, na ga saman tudun da ke bayan gidajen yana hayaƙi fari, ba jimawa na ji garinsa tsakanin haƙorana. Wannan ƙurar yawancinta silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, wadda ke cin huhu a hankali, kuma duwatsun yankin suna ɗauke da yuraniyom. Tun 1952 aka fara cire yuraniyom a ma'adinan zinariyar ƙasar, amma tuddai da yawa da nasu aka zubar da su.

Na tambaye ta ko tana so a kwashe tudun. Ta ce tana so, amma lokacin kwashewar ya fi kowane lokaci ƙura, domin sai an tuge ciyawa da itatuwan da suka rufe shi. Wannan amsar ta zauna mini a rai har ƙarshen tafiyar.

A hanyar komawa direba ya nuna mana wani fili kusa da tsakiyar gari, ya ce da can akwai tudu a nan mai suna Top Star, a samansa akwai silima ta shiga da mota, kuma yana yaro yakan hangi allonta daga nesa. An rufe silimar a 2006, bayan nan aka wanke tudun gaba ɗaya aka tura shi ta bututu. Yau babu alamarsa.

Inda ake tura irin waɗannan tuddai a tace su muka nufa kwana biyu bayan haka. Hanyar N17 ce zuwa Brakpan, a gabashin gari, akwai tolget biyu, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Kafin mu hau ta 'yan sandan birni suka tsayar da mu a shinge, suka duba lasisin direba da takardar da ke manne a gilashi, suka karɓi fasfo ɗinmu suka duba biza, suka sallame mu. A ƙofar masana'antar Ergo binciken ya fi na 'yan sandan tsanani. Kowa sai ya hura na'urar gwajin giya, Malam da carbinsa a hannu shi ma ya hura. Aka zaunar da mu muka kalli bidiyon kiyaye haɗari, aka ba mu hular kwano, tabarau, riga mai ƙyalli da takalmi mai ƙarfe a baki.

Kamfanin Anglo American ne ya kafa Ergo a 1977 domin ya sake tace tsofaffin tuddai. A wancan zamani ba zinariya kaɗai ake cirewa ba, har da yuraniyom, kuma ana yin asid da farar wutar da ke cikin dusar. An rufe ta a 2005, bayan 'yan shekaru kamfanin DRDGOLD ya farfaɗo da ita, zinariya kaɗai yake nema. Dabarar kanta tsohuwa ce. Tun 1890, da hanyar narkar da zinariya da sayanayid, wani sinadari mai guba, ta iso yankin, masu ma'adinai suke komawa kan abin da suka zubar. Kowane zamani injinansa sun fi na baya iya tsamo abin da ya kuɓuce, shi ya sa sharar kakanni take zama ma'adinin jikoki.

Wata injiniya ce ta zagaya da mu, matashiya, ta fara kai mu wani tudun da ake kan cinyewa. Babu katafila, babu tifa. Bindigar ruwa ce a kafe a ƙasa, bakinta ya kai kaurin cinya, tana harba ruwa a gindin bangon dusa mai tsayin bene hawa uku ko huɗu. Ƙarar ba ta barin a ji magana. Ruwan yana cin gindin bangon, yana ci, sai ka ga tsaga ta bayyana daga sama, ɓangare guda ya sulalo ya faɗi, ya narke nan take ya zama taɓo. Mutum ɗaya ne yake juya bindigar daga nesa. Taɓon yana gangarawa ta kwata zuwa wani rami, a tace saiwoyi da tarkace da raga, sannan manyan famfuna su tura shi cikin bututu. Bututun da ya haɗa yammacin gari da Ergo ya kai kilomita 50, yana bi ta gefen tituna da bayan unguwanni, dare da rana.

A masana'antar, taɓon yana shiga jerin tankuna masu tsayi, ana juya shi. Da farko a zuba masa laim, wato farar ƙasa, domin a kashe tsaminsa, don in sayanayid ya haɗu da ruwa mai tsami yakan zama iskar da ke kisa. Sai a zuba sayanayid ɗin ya narkar da zinariyar da ido ba ya gani. Sai kuma gawayi. Injiniyar ta ɗebo shi a tafin hannu ta nuna mana, ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi, na ɓawon kwakwa, an gasa shi ta yadda kowace ƙwaya take cike da ƙofofi. Zinariyar da ta narke tana maƙalewa a jikinsa, a tace shi, a wanke ta daga jikinsa da ruwan magani mai zafi, a kama ta da lantarki, a narka. Ɗakin narkawar ba a shigar da baƙi. Daga nan sandunan suke tafiya Rand Refinery da ke Germiston, matatar da aka kafa a 1920.

Malam ya tambaye ta nawa ake samu a tan guda. Ta ce wajen kashi ɗaya cikin biyar na giram. Ya ciro biro ya yi lissafi a bayan takardar baƙi da aka ba mu: tan biyar, giram ɗaya. Tifa mai ɗaukar tan 25, giram biyar, zoben hannu guda ke nan. Kamfanin yana tace fiye da tan miliyan 20 a shekara, ya sami zinariya wajen tan 5. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "To 'yata, sauran fa?"

Ta ce mu shiga mota.

Sauran yana bayan masana'antar, a wurin zubarwa na Brakpan. Na zaci na ga manyan tuddai a cikin gari, ashe 'ya'ya ne. Wannan sai da mota ta yi ta hawa tana zagaye kafin mu kai sama, kuma daga saman ba ka ganin ɗaya gefen sosai. Fili ne fari fat, bututai a jere a bakinsa suna aman taɓo, ruwan yana tsiyayewa zuwa wani tafki a tsakiya, daga nan a mayar da shi masana'anta a sake harbi da shi. Gefen tudun an lulluɓe shi da ƙasa an shuka ciyawa. Ta ce babban aikinsu a nan shi ne kada tafkin ya matso baki, kuma akwai na'urori a binne a jikin bangon suna auna yadda ruwa yake hawa a ciki. Dalili kowa ya sani. A watan Fabrairun 1994, bayan ruwan sama mai ƙarfi, bangon irin wannan wuri ya ɓalle a kan unguwar Merriespruit a jihar Free State, mutum 17 suka rasu. A Brumadinho ta Brazil, a 2019, mutum 270. Na Jagersfontein kuwa, a watan Satumban 2022, ya fi kusa da abin da muka je gani, domin tsofaffin tuddan lu'ulu'u ake sake tacewa a can, wurin zubar da sabon taɓon ne ya fashe ya shafe gidaje.

A nan ne na fahimci abin da na zo gani. Sake tacewa ba ya rage shara. Cikin kowane tan ana ɗauke abin da bai kai ƙwayar gero ba, sauran a matsar da shi daga wuri zuwa wuri, da yuraniyom ɗinsa da farar wutarsa. Ba na raina aikin. Tudu ɗaya babba mai masu gadi da na'urori da ma'aikata ya fi tuddai hamsin da babu mai kula da su a tsakiyar unguwanni, kuma filin da aka share yana komawa hannun gari a yi gini. Wasu ma'adinai masu zurfi suna gauraya dusar da siminti su mayar da ita cikin ramukan da aka gama da su, tsakuwar dutsen da ba a niƙa ba kuma ana farfasa ta a yi titi da kankare. Duk wannan alheri ne. Amma wanda ke zaɓar tudun da za a kwashe ba likita ba ne, ba kuma dattijuwar Riverlea ba. Farashin zinariya ne. Tudun da ke da saura mai kauri yana da mai shi, da shinge, da lauya. Wanda aka riga aka tatse, ko wanda abin da ke cikinsa ba zai biya kuɗin wuta da famfo ba, yana nan inda yake, iska na rabawa makwabta.

Da rana a Brakpan direba ya kai mu inda yake cin abinci. Shi ya ci pap, tuwon farar masara, da gasasshen nama, mu kuma muka ci shi da chakalaka, wani haɗin wake da karas da barkono, da kifi, tunda ba mu san yankan wurin ba.

Ranar da ta fi tsaya mini ita ce ta yamma, wajen Krugersdorp da Randfontein. Wani malamin jami'a da ya saba kai ɗalibai wurin shi ya raka mu. Muka bar kwalta muka bi wata hanyar ƙasa tsakanin tsofaffin tuddai da ramukan da aka buɗe aka bari, har muka tsaya a bakin wata ƙorama. Ruwan ja ne, jan tsatsa, duwatsun cikinsa duk sun rine, a gaɓarsa kuma wani farin ɓawo ya bushe yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Babu kwaɗo, babu ƙwaro a saman ruwan, ciyawar bakin ta ƙone. Malamin ya tsoma 'yar takardar gwaji, ta fito ja. Malam ya girgiza kai ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Dalilin kuwa shi ne wani dutse mai ƙyalli da ake kira fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda ke tare da zinariyar yankin. Muddin yana binne ba ya komai. Da zarar an fasa shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da ƙarfe da manganis da yuraniyom ya tafi da su. Lokacin da ma'adinai suke aiki, kowane kamfani yana zuƙe ruwan raminsa don ma'aikata su sami shiga. Da suka rufe ɗaya bayan ɗaya, aka kashe famfuna, ruwa ya yi ta cika ramukan da suke haɗe da juna a ƙarƙashin ƙasa, har a 2002 ya ɓullo sama a wannan yanki, ya bi ƙoramar Tweelopiespruit, ya ratsa gandun dajin Krugersdorp, ya nufi wajen kogwannin dutsen da aka tono ƙasusuwan mutanen farko. A ramukan da ke ƙarƙashin Johannesburg da Germiston ma famfo na ƙarshe ya tsaya a 2008, ruwa ya kama hawa. Sai a 2010 gwamnati ta kafa kwamitin ministoci, aka ɗora wa TCTA, hukumar gwamnati mai kula da manyan ayyukan ruwa, aikin gaggawa. Aka gyara matatar yamma, aka gina ta Germiston a 2014, sannan ta Springs a 2016, wadda aka yi ta don lita miliyan 110 a rana.

Mun ga yadda ake yi a ta yamma. Ana zuƙo ruwan daga tsohon rami, a zuba masa laim, a hura masa iska. A gaban idonka yake sauya launi, daga garai-garai zuwa kore-kore, zuwa jan ƙasa, sannan ƙarfen ya dunƙule ya kwanta a gindin wani faffaɗan tanki, ruwa mai haske ya malala ta baki. Tsamin ya mutu, yawancin ƙarafan sun fita. Amma gishirin salfet yana nan, don haka ba a sha, sai a sake shi cikin rafi, a can gaba kuma a tsarma shi da ruwa mai kyau na madatsa. Jan taɓon da ya kwanta shi ma sabuwar shara ce da ke neman wurin zubarwa. Ba kuma ranar da za a ce an gama, domin duk damina ruwa yana sake shiga ramukan. Babu giram ko ɗaya na zinariya a wannan aikin, shi ya sa ya faɗo kan gwamnati da masu biyan kuɗin ruwa. Kamfanonin da suka fasa dutsen, da yawansu ko sunansu babu yanzu. Ƙasar tana da ma'adinai sama da 6,000 da aka yasar babu mai su.

Ramukan da muka wuto ma na kwanan nan ne. Kamfanin Mintails ya zo yankin da sunan sake tace tuddai, ya karye a 2018, ya bar aikin gyara da ya ninka kuɗin da ya ajiye sau da yawa. Wani kamfanin, Pan African Resources, ya sayi wurin ya buɗe sabuwar masana'anta a ƙarshen 2024, mun hango tankunanta suna ƙyalli. Ina yi musu fatan alheri, amma wanda ya ga abin da na farko ya bari ba zai yi saurin tafi ba.

Daga nan muka bi ta kusa da Tudor Shaft, inda talakawa suka kafa gidajen kwano a kan dusa da gindinta. A 2011 hukumar kula da nukiliya ta ƙasar ta ba da shawarar a tashe su saboda tururin yuraniyom, aka kwashe wasu iyalai. Can nesa, a bayan wani tudu, na hangi mutane suna juya wasu tukwanen gas da aka ratsa da ƙarfe aka mayar da su injin niƙa. Malamin jami'ar ya ce dutse da dusa suke niƙawa a ciki, su kama zinariyar da zaiba, su ƙone zaibar a wuta. Su ma sake tacewa suke yi, da huhunsu.

A daren nan, muna shan shayi a masauki, Malam ya ɗauko maganar Zamfara, ni ma ita ce a raina tun a mota. A 2010 Likitoci Na Gari Na Kowa suka tarar da yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta da 'Yargalma da sauransu, aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi. Yara sama da 400 suka rasu. Maganin da aka yi wa ƙauyukan ba wani abin al'ajabi ba ne: a kankare saman ƙasar tsakar gida da fartanya da shebur, a zuba a buhu, a binne a ramin da aka tanada, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Sai an yi haka likita zai fara ba yaro magani, don ba amfanin wanke jinin wanda zai koma ya yi rarrafe a kan gubar. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka share ta, ana jiran kuɗi. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Rafi na jihar Neja. Bambancinmu da Afirka ta Kudu shi ne su sharar tana waje, ana hangenta daga kilomita goma, tana da taswira da lamba da wanda za a kai ƙara. Tamu tana cikin gida, a gindin murhu, a bakin rijiya, ba mai ganinta sai yaro ya fara sanƙarewa. Amma cutar ɗaya ce. Wanda ya sayi zinariyar ya tafi da ita, dusar ta zauna da wanda ba shi da inda za shi.

Tafiyarmu ta ƙarshe ita ce eMalahleni, tsohon Witbank, kilomita 140 ko kusa da haka a kan N12, ƙasar kwal. Bayan Delmas sai gonakin masara da aka girbe, manyan motocin kwal a jere, da hasumiyoyin tashar wuta ta Kendal. Tokar irin waɗannan tashoshi ana sayar da wani kaso nata ga masu siminti, sauran tudu ne shi ma. Iskar garin tana da warin ashana, kuma a bayan gari akwai tsofaffin ramukan kwal da wuta take ci a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru.

Abin da ya kai mu shi ne matatar ruwa da Anglo American ta buɗe a 2007 tare da BHP Billiton, yanzu tana hannun Thungela. Ruwan ramukan kwal ne, mai tsami irin na Krugersdorp, amma a nan ba a tsaya a laim ba. Bayan an kashe tsamin an kwantar da ƙarfe, sai a tura ruwan da ƙarfin famfo ta cikin wasu dogayen farare bututai da aka naɗe wata fata mai ƙananan ƙofofi a ciki, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Ruwan gishirin da ya rage a sake kwantar da shi a sake matsawa, har sau uku, ta yadda abin da ke saura a ƙarshe bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Ta fara da wajen lita miliyan 25 a rana, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa 50, kuma wani kaso na ruwan famfon garin daga nan yake. A ƙarshen layi akwai famfo da kofuna. Ma'aikacin da ke zagayawa da mu ya tara ya sha, ya miƙo mana. Na yi bisimilla na sha. Ruwa ne, ba wari, ba ɗanɗano.

A bayan ginin akwai tarin farin abu mai danshi da ke zubowa daga bel, jifsam ke nan, wanda salfet da laim suke haifarwa, irin wanda ake yin silin da allunan bango da shi. An taɓa gina wa ma'aikata gidaje da shi, manoma ma suna ɗiba su gyara ƙasa. Ma'aikacin bai ɓoye mana ba cewa abin da ke fita kullum ya fi abin da kasuwa take ɗauka, ɗan ruwan gishirin ƙarshe kuma tafki ake tara shi mai shimfiɗar roba. Malam ya tambaye shi me ya sa nan aka yi, can yamma ba a yi ba. Ya ce nan kamfanin yana raye, ruwan yana hana shi kaiwa ga kwal, garin kuma yana da ƙishi yana saye. Na ce to ranar da kwal ya ƙare fa? Ya ce ruwan ba zai daina hawa ba, dole wani ya ci gaba da biyan kuɗin wuta da laim, kuma doka ta ce kamfani ya ajiye kuɗin wannan tun yana aiki.

A kan wannan muka yi ta muhawara da Malam a mota har muka shigo Johannesburg da magariba, muka ci gaba a jirgin komawa Legas. Shi yana ganin abin da za mu rubuta wa ofis shi ne a kafa ƙananan wuraren tacewa na haɗin gwiwa a wajen gari, masu sayen dusa daga hannun masu haƙa, don in dusa ta zama kuɗi ba wanda zai bar ta a tsakar gida. Ni kuma na ce bayan an saye an tace, dusa ta biyu tana nan, da sayanayid a jikinta, don haka kada a ba kowa lasisi sai ya nuna ramin zubarwa ya kuma ajiye kuɗin rufe shi a asusun da hannunsa ba ya kaiwa. Ya ce in aka sa wannan sharaɗi tun farko, ƙananan masu haƙa za su gudu daji, a koma gidan jiya. Da muka dawo muka rubuta shawarwarin biyu, tasa a sama, tawa a ƙasa, muka miƙa.